Hular Kwanon Yaya Nomau

"Keken me ya yi miki, Inna? Shi ya yi laifin?"

"Tasalla, kar ki sa in saɓa miki da sassafen nan. Na ce an gama hawan keke a gidan nan."

"To da me zan je makaranta? Da fiffike?"

"Da ƙafar da Allah ya ba ki."

Kun ji fa. Bari in faɗa muku yadda aka yi, ku raba mu.

Mu uku ne a gidanmu: ni, da Inna, da yayana Nomau. Sai keken da Baba ya rasu ya bari. Makarantarmu tana can Garin Kwari, in da ƙafa za ki je sai an fito tara za ki isa, shi ya sa kullum Yaya ke goya ni. Mutanen gari dolo suke ce masa. Ni ban yarda ba. Shi dai abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. A tuƙi kuwa babu kamarsa, yashin da ke kada masu babur shi ko ƙafa ba ya saukewa. Ina baya ina karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi, yana cewa, "Ikon Allah, har wannan ma kin iya?"

Wata rana Kawu Ɗayyabu ya bugo waya daga birni, ya ce kar Nomau ya sake hawa keke ba hular kwano. Washegari na fito na tarar da Yaya ya kifa kwanon miyar Inna a ka, ya ɗaure da igiya ta ƙarƙashin haɓa, ya ɗora hularsa a sama.

"Yaya, mene ne haka?"

"Ga hula, ga kwano."

Kwanon ko wanke shi bai yi ba. Da rana ta ɗaga, kuka ta narke tana bin bayan kunnensa, ƙuda suka rako mu har ƙofar makaranta. Da Kawu ya ji labari sai ya aiko da ta gaskiya, ja, mai dogayen ramuka a sama don iska ta riƙa shiga. To ramukan nan su ne farkon wahalarmu, don da bazara ta shigo ba iska kaɗai ke bi ta ciki ba.

Wata rana muna cikin tafiya Yaya ya ƙwalla ƙara, ya tsaya yana dukan hular. Wani abu ya harbe shi a tsakar ka. Muka tsaya wurin mai faci, ya duba cikin hular ya ce, "Aikin zanzaro ne wannan. Zanzaro ba shi da kyau lokacin zafi, duk inda ka gan shi ka raba kanka da shi." Ranar kuma ni na sa Yaya ya cusa rigarsa cikin wando don kar wayar keke ta kama ta. Nan take ya zaro ta. Muna isa makaranta ga hedimasta a bakin ƙofa, ya yi zanzaronsa tsaf da bel mai sheƙi. Yaya ya jingine keke, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya sa hannu biyu ya fizgo masa riga waje.

"Kai! Lafiyarka?"

"Ranka ya daɗe, cetonka na yi. Dubi abin da ya yi mini."

Ya cire hula ya nuna masa ƙulun. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ku faɗi gaskiya, wa kuka sani da zai iya tunkarar hedimasta don kawai ya cece shi?

Wata rana kuma ƙudan zuma ne ya shiga. Tsoho Magaji, mai amya a kan kukar bayan gari, ya ce masa, "Ai su ba abin da suka tsana irin hayaƙi." Shi ke nan. Yaya ya samo gwangwani, ya cika da busasshen kashin shanu, ya sa garwashi, ya ɗaure a saman hular. Muka taho hayaƙi na tashi a kansa kamar jirgin ƙasa, ni ina baya ina tari. Muna zuwa rijiya wata mata ta kurma ihu, "Gobara! Kan Nomau ya kama!" Kafin mu yi magana an juye mana bokiti, wata ta ƙara da tulu. Littafin da na aro a makaranta ya jiƙe sharkaf. Yaya ya share fuska ya ce, "Amma dai ko ɗaya bai zo ba."

Kuma gaskiyarsa.

Wata rana, shekaranjiya kenan, rina suka yi gida a tsamiyar bakin gada, inda ba wata hanya sai nan. Ɗaya ta faɗa cikin hular ta rasa mafita, ta yi ta zuba masa harbi har muka gangara cikin kwari. Ko a hakan sai da ya juya keken yadda shi zai fara kai wa ƙasa, ni na faɗo a kansa. Ya dawo gida ido ɗaya a rufe. Da magariba Inna ta ga sauro na bin kumburin, tausayi ya kama ta, ta ce, "Nomau, ka sa wa kanka gidan sauro, kar su ƙarasa ka."

Jiya da safe Inna ta tafi kai niƙa. Na fito na ga Yaya ya yanko gidan sauro da reza, ya lulluɓa a kansa har wuya, ya ɗora hula a kai ya ɗaure.

"Yaya! Cewa ta yi ka ɗaura ka kwanta a ciki!"

"Kanka ta ce. Ga kaina."

Yara suka bi mu suna "Ga amarya! Ga amarya!" Na ja hijabi na rufe fuska don kunya, ido kawai na bari. Da idon nan na ga abin da ya faru a bakin gada. Rina suka sauko kan hular, suka leƙa ramukan, suka tura kai, raga ta tare su. Suka zagaya ta gaba, nan ma raga. Suka gaji suka tashi. Yaya ko gezau, har waƙa yake yi, wai iska na shiga ta ko'ina. Wani mai acaɓa da aka harba a leɓe ya biyo mu har makaranta yana tambaya a ina ake sayar da irinta.

Matsalar ɗaya ce. Na Inna ya yanka, sabon, don nasa duk ɓula ne. Ita kuma sai da ta zo ɗaurawa ta ga tagar da aka buɗe mata.

Shi ne fa muke ta yi tun asuba. Yaya na tsugune a gindin murhu yana shan koko, yana kallon duk wadda ta buɗe baki.

"Inna, gari guda an rasa mai wannan dabarar sai shi. A birni da kyauta za a ba shi!"

"A ba shi mana. Ni da sauro ya kwana yana ci, wa zai ba ni?"

"Zan ɗinke miki in na dawo. Yau fa ni zan yi karatu a gaban aji!"

"Ki yi wa kaji. Nomau, kana jina? Keken nan kar ya kuskura ya fita ta ƙofar nan. Na faɗa maka."

"To, Inna."

Ya ajiye kofi ya tashi. Ni ban ma kula da shi ba, ina ta zuba, hawaye na neman zubo mini. Sai na ga Inna ta saki baki tana kallon bayana. Na juya, na ga tayar baya tana ɓacewa ta saman katanga, ƙafafun Yaya na bin ta. Can sai ƙararrawa daga waje: ƙirrin, ƙirrin.

"Inna, ban bi ta ƙofa ba! Tasalla, taho, za ki makara!"

Inna ta ɗaga muciya, ta rasa wa za ta nuna da ita. Na suri jakata.

"Ni dai ba ki hana ni bi ta ƙofa ba."

Na fice, na jawo ƙyauren langa-langan nan na buga shi garam.