Yadda Barau Ya Ci Jarrabawar Fayil

A wani ƙauye gabas da Gumel akwai wani saurayi Barau, shi da mahaifiyarsa Uwani da kakarsa makauniya. Barau ba malalaci ba ne, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi cif, ba ƙari ba ragi. Kafin mahaifinsa ya rasu ya damƙa shi ga amininsa Malam Datti, mai koyar da rubuta manhajar kwamfuta a cikin gari, ya ce ko takardar shaida ɗaya ce yaron nan ya samu. Malam Datti ya ɗauki alkawari, bai san abin da ya ɗauko wa kansa ba.

Wata rana aka ba ɗalibai aiki: manhaja ta buɗe fayil ta ƙirga sunayen ciki. Malam ya ce, "Duk fayil ɗin da kuka buɗe, ku rufe shi." Barau ya buɗe a layin farko, ya rufe a na biyu, a na uku ya ce ta karanta. Manhaja ta kife, ta daina aiki.

"Barau, wa ke karanta abin da yake rufe?"

"Malam, cewa ka yi a rufe. Ba ka ce yaushe ba."

Wata rana kuma aka zo kan ƙwaƙwalwar na'ura. Malam ya ce kowane suna sai an nemar masa wuri kafin a ajiye shi. Barau ya yi ta nema bai mayar ba, har kwamfuta ta cika ta sandare. Malam ya dafe kai ya ce, "Wurin da ka karɓa, ka tabbata ka mayar." Barau ya mayar sau uku, wai don ya tabbata. Manhaja ta sake kifewa, ta tafi da aikin sati guda. Ran nan Malam Datti ya zauna bayan aji zuciyarsa ta karye, don ya ga zai ci amanar mamaci.

Wata rana, ana gobe jarrabawa, Malam ya riga ya fid da rai. Ya ce, "Barau, ko ba ka iya komai ba, ka duba fayil ɗin tukuna. Kada ka ƙirga sai ka tabbata akwai abu a ciki." Ranar jarrabawa Barau ya ɓata awa biyu yana rubuta dubawa: akwai fayil? Ya buɗu? Akwai ko harafi ɗaya? Lokaci ya ƙare bai rubuta ƙirga ba ko layi guda.

Ashe mai jarrabawar da gangan ya kawo fayil ba komai a ciki, don ya ga wa zai lura. Manhajar ɗalibai goma sha ɗaya ta kife ɗaya bayan ɗaya. Ta Barau ta rubuta, "Babu komai a nan," ta tsaya lafiya lau.

Malam Datti ya riƙe takardar shaidar Barau. Alkawari ya cika, amma waɗanda ya koya wa duk sun faɗi, wanda ya kasa koya wa ne ya ci. Barau ya matso a hankali.

"Malam, ita ƙirgar, yaushe za ka koya mini?"