Tsugunon da Na Yi a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da mahaifin Rukayya a Gwaram ba. Ko na so in manta ma, abokina Nasiru ba zai bari ba, don duk inda aka taru sai ya tayar da zancen, har da kwaikwayo.

A shekarar da korona ta shigo, ina cikin waɗanda ta kama a Birnin Kudu. Aka killace ni, na warke, aka sallamo ni. Da na dawo unguwa sai na tarar mutane daga nesa suke ɗaga mini hannu, mai shayin bakin layinmu ma kofi daban ya ware mini. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, na ce ni da asibiti kuma sai dai in je dubiya.

Ashe cutar ta tafi ta bar mini tsaraba. Gwiwoyi, kafaɗu, ƙugu, babu inda ba ya ciwo. Da safe in na tashi sai in ji kamar an yi mini dukan taɓarya. A aji (ni malamin makaranta ne) hannuna ba ya kai wa saman allo, sai in fara rubutu daga tsakiya, ɗalibai su zata sabon salo ne. Ban gaya wa kowa ba. A raina na riga na yanke cewa shanyewar jiki ce ke tafe, irin wadda ta kwantar da kakana. Na koma sayen ƙwayoyi a kemis ina watsawa kamar gyaɗa, ina mulke jiki da man zafi.

Ana cikin haka maganar aurena da Rukayya ta taso. Mahaifinta, Malam Isiyaku, mai makarantar Islamiyya a Gwaram, ya aiko yana son ganina kafin manya su shiga maganar. Na san ana bincike kafin a ba mutum mata, kuma wa zai ɗauki 'yarsa ya ba saurayin da ke tafiya kamar tsoho? Na ƙudurta ko ƙishin-ƙishin ciwon nan ba za a ji ba. Ita kanta Rukayyar ba ta sani ba, don a kan benci muke zance.

Ranar tafiya na shafe jikina da man zafi, na bi da turare kusan rabin kwalba, na zura babbar riga. Nasiru ya goyo ni a babur tun daga Birnin Kudu, ƙafafuna a lanƙwashe duk tsawon hanya. Ko da muka sauka, gwiwoyina sun riga sun fara gunaguni.

Muka yi sallama a zaure. Malam na zaune a kan kujerar roba, ƙannensa biyu dattawa suna kan tabarma (har na ce a raina, babban malami haka ba ya kan buzu?). Muka tuɓe takalma a waje, na samu nesa da shi na tsuguna, kai a ƙasa, kamar yadda ake yi wa suruki. Ina tsugunawa na ji gwiwata ta ce ƙas.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina, aka tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi nasiha mai tsawo, ya yi addu'a muka shafa. Sannan ya ce, "To madalla, Allah ya yi albarka. Ku tashi ku kama hanya."

Nasiru ya miƙe. Ni ma na ba gwiwoyina umarni, suka yi kamar ba da su nake ba.

"Tashi mana, ɗana, gaisuwa ta isa," in ji Malam.

"Na gode, Malam," na ce, na ƙara sunkuyar da kai.

Ɗaya daga cikin dattawan ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi. Na yanzu ai a tsaye suke gaisuwa." Ɗayan ya ce wallahi kuwa. Ni kuwa gumi ya jiƙa ni sharkaf, warin man zafi ya ture turaren ya cika zauren, har wanda ke yabon nawa ya yi atishawa.

Nasiru ya sunkuyo ya raɗa mini, "Wai me kake jira, a ɗaura auren yau?"

Na ce, "Ba na iya tashi."

Ya ɗauka wasa nake. Sai na dafa ƙasa na yunƙura da iya ƙarfina. Kafaɗa ta ƙi, na take gefen babbar riga, na tafi gefe guda rigijib, ƙafafu a naɗe yadda suke. Hulata ta gangara ta tsaya daidai ƙafar Malam. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wata ta ƙunshe dariya, na kuma gane muryar.

Nasiru da dattijo ɗaya suka cicciɓe ni. Malam ya dafa bango ya tashi a hankali, ya ce a ɗora ni a kujerarsa. Jama'a, ga ni zaune a kujerar suruki, shi yana tsaye a kaina. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige na ja ƙofa.

"Tun yaushe kake fama?" ya tambaya.

"Ba komai, Malam, babur ne."

"Wannan man na san warinsa, na daɗe ina shafa shi. Korona ka yi?"

Na ce a raina shi ke nan, Rukayya ta tafi. Na amsa da murya ƙasa-ƙasa, "Eh, Malam."

Sai ya yi dariya. "Ka ga kujerar nan? Tun ina saurayi a kan buzu nake karantarwa, korona ce ta mayar da ni kanta. Ni daga Gwaram nake tasowa in je asibiti a garinku ana gasa mini gwiwa, kai kana maƙwabtaka da shi kana ɓuya. Ciwo ba zai hana ni ba ka 'yata ba, amma ɓoye shi zai sa in sake tunani. Ranar Talata ina da ganin likita. In same ka a can."

Ranar Talata, tun kafin a buɗe ɗakin kati ina bakin ƙofa. Babu wanda ya guje ni, babu wanda ya yi zancen killacewa. Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton gwiwa. Likita ya ce babu alamar shanyewar jiki, wasu da suka yi korona kan yi fama da irin wannan ciwon gaɓoɓi, kuma yana sauƙi a hankali in an kula. Ya yi mini faɗa sosai kan ƙwayoyin kemis, ya ce su ne ma za su iya taɓa mini ciki da ƙoda. Ya tura ni sashen gashin ƙashi, aka koya mini motsa jiki. Wallahi da na fito sai da na share ƙwalla don daɗi. Wata da watanni muna layi ni da Malam a benci ɗaya, ina ta sunne kai.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Yanzu ina rubutu daga saman allo, kuma na gane cewa ciwon da ka ƙi nuna wa likita a ɗaki, shi zai nuna kansa a gaban surukai. Har yau in na je Gwaram na fara lanƙwasa gwiwa, sai Malam ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, yi daga tsaye. Yau ba mu da masu ɗagawa."