Fulin da Na Ɓoye a Rumbu

Ko da zan manta ranar aurena (Saude ta yafe mini), ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe kwalin fuli a bakin rijiyar garinmu ba. Har yau in na tuna sai in ji zufa tana tsattsafo mini.

Garin namu ƙarami ne, can wajen Ajekoriya, kuma rijiya guda muke sha, mu da makiyaya. Zurfinta ya kai sai da raƙumi ko jaki ake jan guga, igiya tana bi ta kan fuli, tayar nan ta ƙarfe mai kwari a tsakiya. Tamu ta tsufa, tsatsa ta cinye ta, ita kuma tana cin igiya kamar gara. Da wani furoje, wato shirin tallafi, ya ce zai ba mu sabuwa, sai aka ce sakataren kwamitin rijiya ya je Maraɗi ya karɓo. Ni ne sakataren, don ni ne malamin lakwal, makarantar bokon garin, kowa Mushe yake ce mini, wato malam da Faransanci. Wanda na gada kuwa tsige shi aka yi, saboda wasu bututun ƙarfe da suka yi ƙafa a hannunsa, har ya bar garin don kunya. Ranar da aka naɗa ni, Arɗo Bello, shugaban makiyayan, ya ce, "Mushe, kai munka yarda da kai. Kada ka sa mu ci tuwon jiya."

Na tafi Maraɗi cikin farar shadda. A biro, wato ofishin furojen, aka nuna mini kwali a liƙe, motarsu ta kai mu tasha, 'yan dako suka ɗora shi a saman mota. Ban taɓa shi ko da ɗan yatsa ba (Mushe guda, da farar shadda, ya ɗauki kaya?). A hanya taya ta fashe, muka daɗe a tsaye, ni kuwa na samu inuwar aduwa na yi barci har da minshari.

Sai a Dakoro, da aka miƙo mini kwalin, na tattara ƙarfina don in tare nauyin ƙarfe, sai na ji shi sakayau. Ina isa gida na kulle ɗaki na farke shi. Fuli ce kam, amma baƙa, ba sanyin ƙarfe, na ƙwanƙwasa ba ta yi ƙara ba. Roba! Nan take na gama shari'a a kaina: ina barci aka zare ta ƙarfen aka sa mini wannan. Kuma wa zai yarda? Za a ce sabon sakatare ya bi sawun tsoho.

Saude, matata, ta ce, "Malam, ka kira 'yan furojen mana ka tambaya. Mi za ya ci ka?"

Na ce mata ba ta san aikin biro ba. Kira ai shi ne kai ƙarar kaina.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. In na hango rawanin Arɗo sai in sake hanya. A aji na tsinci kaina ina rubuta lissafi ɗaya sau biyu a allo. Daga ƙarshe na yanke shawarar da nake ganin ta masu hankali ce: na sayar da ragona ranar kasuwa, na auna fulin da zare, na kai wa Illo mai walda a Dakoro, na ce ya ƙera mini irinta da ƙarfe mai kauri. Ya yi aiki kuwa, har da shuɗin fenti. Sai da amalanke ta kawo ta gida.

Saura shaida. Na sa baƙar a turmi na hau ta da taɓarya, don in farfasa in binne. Na daka, na daka, taɓarya tana tsalle tana dawo mini. Fuli ko ƙwarzane, turmin Saude ne ya tsage. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, anya wannan robar bokiti ce? Ni kuwa cewa na yi ɓarayin zamani sun iya aiki. Na jefa ta cikin rumbu na rufe da damman gero.

Ranar miƙawa kowa ya hallara: maigari, Arɗo da mutanensa, mata da tuluna, raƙuma suna jira. Na ajiye kwalin a kan tabarma, fulin Illo a ciki, na riga na liƙe shi tsaf. Injiniyar furojen, wata Madam Rabi, ta sauko daga mota ta fara bayani.

"Jama'a, abin da munka kawo muku yau ba ƙarhe ba ne."

Na saci kallon kwalin.

Ta ce nilon ne, wata irin roba, aka cuɗa da zaren gilashi, aka zuba a mazubi ya daskare. Ta ce irinsa ake sa wa cikin injin mota yanzu a wuraren da dā sai ƙarfe. Ba ya tsatsa, ba ya cin igiya, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Kowace kalma tana sauka a kaina. Na dubi hanyar daji, na dubi rijiya, wallahi sai da na auna wadda ta fi kusa.

"Baba Arɗo," in ji ta, "taho ka ɗaga ta da hannu guda, kowa shi gani."

Tsoho ya gyara rawani, ya yanke liƙin, ya zura hannu guda yana murmushi. Ya ja. Shiru. Ya sa hannu biyu, ya yi nishi, kwalin ya yage, ƙarfen Illo ya faɗo tim a kan tabarma, shuɗi shar, kaɗan ya rage ya sami yatsan maigari.

Madam Rabi ta dubi fulin, ta dube ni. "Mushe, mi ne ne wannan?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Tana cikin rumbu."

Haka aka rako ni gida, gari guda a bayana. Na tattare babbar riga na hau rumbu, na shige da kai, ƙafafuna a waje, ina tonon gero. Na fito da ita fuskata duk ƙaiƙayi, na tsaya a tsakar gida na zayyana komai, tun daga barcin gindin aduwa har ragon. Saude ta ƙara da zancen turmi, wanda ba wanda ya tambaye ta.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa Arɗo yake kallo. Ya karɓi baƙar fulin, ya juya ta a hannu guda. Can ya ce, "Tun da nike, ɓarawo ƙarhe shika ɗauka shi bar maka roba. Yau na ga wanda ya ɗauke roba ya sai da ragonai ya aje muna ƙarhe. Wanga ba ɓarawo ba ne, jama'a. Wawa ne dai, kuma wawa ana iya ba shi ajiya."

Sannan gidan ya fashe da dariya. Madam Rabi har da riƙe ciki. Ni ma na yi, hawaye na zuba, don ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar nan ba.

Har yanzu ni ne sakatare. Abin da na koya kuwa bai da yawa: tambaya tana sa mutum ya zama wawa a gaban mutum ɗaya, a waya, ba mai gani. Ni da na ƙi ta, sai da na tara gari guda.