Katifar da Na Naɗa wa Makullin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da bazarata ta farko a bakin aiki ba, ko da kuwa na so. An turo ni wani ƙauye kusa da Tabotaki in kula da ruwan famfo, takardar makaranta tana zafi a aljihuna. Shato, wato babban tankin ruwan, yana kan tudu, gari da wurin shayar da dabbobi suna can ƙasa. A kan tiyon da ke gangarowa akwai makullan ruwa uku a jere, kuma Baba Illa, tsohon da ya shekara da shekaru yana gadinsu, kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rufe kowanne kaɗan.

Ni kuwa na ga ɓata lokaci ne. Na buɗe biyu gaba ɗaya, na matse na ƙarshe shi kaɗai.

"Mushe," in ji Baba Illa (haka ake kiran ɗan boko a can), "ruwan ga da ƙarhi shika saukowa. In kat tare shi wuri guda, cin ƙarhe shikai."

Na yi dariya (har da dafa masa kafaɗa, Allah ya yafe mini). Na rubuta wa kwamitin ruwa cewa tsohon ba ya bin ƙa'ida. Suka sallame shi.

Ba a jima ba makullin ya fara ƙara, kamar ana zuba tsakuwa a cikin garwa. Mata suka daina tsayawa kusa, raƙuma suna ja da baya. Na ce wa kowa yashi ne a ruwan. Da na ji magajin gari zai zo da wata injiniya daga Tawa duba aiki, sai dabara ta zo mini: na cire katifar soso daga gadona, na naɗe makullin da ita, na ɗaure da roba. Ƙarar ta ragu. Na kwana a tabarma ina jin kaina gwani.

Ranar zuwansu gari ya taru, har makiyaya da garkunansu. Ina cikin bayani da Faransanci mai kauri sai na ga injiniyar ba ni take kallo ba. Katifar take kallo, tana ɗigar da ruwa.

"A kwance wannan," ta ce.

Da hannuna na kwance, a gaban kowa. Ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙe ni daga wuya har takalmi. Aka tsayar da ruwa, aka buɗe cikin makullin. Babu ko ƙwayar yashi. Ƙarfen ne ya rarake, ya yi huji huji kamar gara ta ci itace.

Ta bayyana wa mutane da Hausa, a hankali, don kowa ya ji. In aka karya ƙarfin ruwa lokaci guda a matsattsen wuri, sai ya yi ƙananan kumfa, kumfar ta riƙa fashewa a jikin ƙarfe tana cinsa, ƙarar da ake ji ke nan. Maganin shi ne a rage ƙarfin mataki mataki. Kabitasiyon ake ce masa. Na san sunan sarai, na ma ci jarrabawa a kansa.

"Shi ya sa aka sa uku," ta ce. "Wa ya buɗe sauran biyun?"

Babu wanda ya nuna ni. Juyawa kawai suka yi suna kallon Baba Illa, wanda ke cikin layin ɗiban ruwa da bidonsa, wato jarka, kamar kowa. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin sabon makulli ya iso, gari ya yi kwanaki babu ruwa a tsakiyar zafi. Mata suka koma tsohuwar rijiya mai nisa, makiyaya suka kaɗa dabbobinsu gaba, wani ya rasa maraƙi biyu a hanya. Na je gidan Baba Illa na durƙusa na roƙe shi ya dawo.

"Ɗana, na gahurta maka," ya ce. "Amma wurin da anka kore ni da takarda, ba ni komawa."

Bai koma ba har ya rasu. Ni aka bari, don ni ke da takarda. Abin yana cina har yau.

Darasin dai na ɗauka: in abu yana kuka, a tambaye shi abin da ke damunsa kafin a toshe masa baki. Sai dai ni aka koya wa, mutanen gari suka sha ƙishirwar.