Ranar da Aka Ɗaura Mini Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi ciki ba, ni namiji, mahauci a Zongon Parakou.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, rediyo kullum sai kiran a motsa jiki. Ni kuwa tsohon ɗan kokawa ne, ina da abin ɗagawa a tsakar gida: sandar ƙarfe ta tsohuwar mota, da gwangwanin siminti a kowane gefe. Matata Lami tana da cikin wata shida, bayan ɓari biyu. Sai na yanke wa kaina fatawa (ni da ko izu biyu ban kai ba) cewa in tana ɗaga ƙarfen nan bayanta zai yi ƙwari, cikin ya zauna. Kowace safiya sau goma. Ba ta taɓa yi mini musu ba.

Ran nan ta dire ƙarfen ta ce, "Malam, na ga jini."

A asibitin haihuwa aka kwantar da ita. Ungozomar, wata dattijuwa da ake kira Madam, ta tambaye ta me ta ɗauka. Lami ta so ta rufa mini asiri. Ni na faɗa da bakina.

"Wane likita ya sa ta?"

"Ni ne, Madam."

Ta ce motsa jiki yana da kyau ga mai ciki, amma daidai ƙarfinta, kuma bayan an duba ta, balle wadda ta yi ɓari biyu. Sannan ta aika aka kinkimo ƙarfen. Ta ɗaura mini tulun ruwa a ciki da zane, a gaban mata fiye da ashirin.

"Bisimilla, kamarad. Sau goma."

Na sunkuya, numfashi ya ƙi. A na uku bayana ya riƙe, na kasa miƙewa.

Ina nan a duƙe sai ga surukata, ta sauko daga motar Djougou. Matar da ko inuwarta ba na haɗa hanya da ita don kunya! Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi Madam, ta ce:

"Wannan watansa nawa?"

Lami ta yi mako uku a kwance, Allah ya tsayar da jinin. Ta haifi mace lafiya.

Tun daga nan, cikin da ba a jikina yake ba, iyakata da shi addu'a da kawo tsoka mai kyau.