Yadda Za Ka Je Bikin Ƙona Ƙwaya Ka Dawo Ba Ka Ga Komai Ba

Ya kai editan jarida, bi matakan nan. Na yi maka alkawari kujerarka ba za ta girgiza ba, tallan gwamnati kuma ba zai bar shafinka ba.

1. Zaɓi wurin tsayuwa

Ranar da hukuma za ta ƙona ƙwayar da ta kama, tsaya gaban tulin kwalaye, kusa da shugaba. Kada ka leƙa bayan sito. Ƙeya ba ta ba da shaida.

2. Ladabtar da hancinka

Hayaƙin zai yi warin garin katako. Kada ka tambaya. Yi tari irin na manyan baƙi, ka tafa.

3. Idan mai hotonka ya yi kuskure

Dogo, mai ɗaukar maka hoto, zai zagaya bayan sito neman wurin fitsari, da kyamara a wuya. Zai dawo ofis ya miƙa maka hoto.

"Oga, duba! Kwalayen gaskiyar ne ake lodawa a motar gwamnati. Ga lamba, ga direba cikin kaki."

"Dogo, hoton nan ya yi duhu."

"Duhu? Da tsakar rana fa, Oga!"

"To, haske ya yi masa yawa."

Kowanne ka zaɓa ya wadatar.

4. Nemi tabbaci

Kira kakakin hukuma. Zai ce ana bincike. Yarda da shi: masu lodin ne ke binciken, ba wanda ya fi su sanin kayan.

5. Amsa waya

Kafin a tashi aiki za a kira ka daga sama, a tambayi sunan dogon nan mai kyamara. Na daɗe ina juya wannan a raina: wanda ya faɗi suna kawai, amana ya ci ko tambaya ya amsa? Har yau ban warware ba. Kai dai faɗi sunan.

6. Karɓi matarsa da mutunci

Za ta zo da goyo. "Ranka ya daɗe, baban yara bai dawo gida ba. Ku sa a jarida mana, ai naku ne."

Ba ta kujera, ba ta ruwa. Gaya mata jarida ba ta buga jita-jita, sai hukuma ta tabbatar ya ɓata.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san kowa ba, ba kuma ya ɗaukar alhakin kowa. Idan ta koma zaman bakin ƙofarka kullum, tsakaninku ne. Idan barci ya gagare ka, kada ka neme ni. Sauka wurin mai kemis na ƙasan ofishinku, an kawo masa sabon kaya.