Tsohon Bebe da Akwatin Jos

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Ina kayan kunyar?"

Zacchaeus bai ko gama sallama ba Dokas, taubashiyarsa, ta tare shi da wannan. Ashe labari ya riga shi isa unguwar Majidaɗi. Ekklisiya ta aike shi Jos ya sayo sabon kibod na kiɗa don bikin godiyar kaka, shi kuwa ya ji wani ɗan akwati yana zuba sauti a shago, ya rungumo shi. Sai a gaban dattawa aka lura ba shi da maɓallin dannawa ko ɗaya. Ga biki jibi, kuma an ce in babu kiɗa shi zai tsaya gaban jama'a ya yi bayani.

"Na zamani ne, 'yar ƙauye. Zaman ƙauyen Iware ya yi miki yawa."

"To ka busa masa iska ya yi waƙa mana."

Dokas, wadda ke jagorantar mawaƙan coci, ta jawo tsohon kibod ɗin marigayi babanta daga ƙarƙashin gado. Muryar kibod ɗin ta mutu tuntuni, Zacchaeus ma ya sha ba ta shawarar ta riƙa shanya kuɓewa a kai. Ta ce ta taɓa ganin an yi wata dabara a taron mawaƙa. Ta zaro waya mai ƙafa biyar daga kwalin akwatin, ta haɗa bayan tsohon da akwatin, ta jona lasifika, ta ɗora yatsu.

Ɗakin ya cika da muryar ogan, babban abin kiɗan coci, mai kauri har kwanukan kan kabad suna rawa. Ta murɗa wani ɗan abu a jikin akwatin, sauti ya koma sarewa, ya koma goge kamar mutum ashirin ke ja tare. Waƙar da kawunsa, baban Dokas, ke buɗe sujada da ita ce, a kan maɓallan da yatsunsa suka cinye. Zacchaeus ya cire hula bai sani ba.

"Dokas, wa ke kiɗan? Tsohon ko yaron?"

"Tsohon ke ba da umarni, yaron ke buɗe baki."

Ya share ido da hular, ya gyara murya, ya ce ai dama abin da ya shirya ke nan tun daga Jos, don a girmama kawu. Har ya yi mata alkawarin zakara.

"Kawo zakaran, ka ɗauki tsohon a ka zuwa coci," in ji ta. "A hanya ka koyi halinsa. Shi ya yi shiru ya fid da kai kunya, kai da bakinka ka shige ta."